Batirin litiyam mai shaƙar iska: me ya hana shi shigowa kasuwa?

Ƙanena da ke Nukkai a Jalingo ya kira ni kan batirin solar gidanmu da ya daina riƙe caji. Ya ce ya ji labarin wani sabon batiri mai shaƙar iska, ko in duba masa a kasuwar Alaba? Na ce masa ya ajiye kuɗinsa tukuna. Ga dalili, don na san da yawanmu a nan kudu mu ake aikowa sayen irin waɗannan kaya.

Sunansa batirin litiyam da oksijin. Kowane batiri yana da ɓangare biyu, anod da katod. A wannan, anod ƙarfen litiyam ne, katod kuwa abu ne mai ƙananan ramuka kamar soso, inda oksijin ke shiga ya haɗu da litiyam. A lissafi, kilo ɗaya nasa zai iya ɗaukar wuta ninkin ba ninkin ta batirin wayoyinmu. K. M. Abraham da Z. Jiang ne suka fara nuna wanda ake iya sake yi wa caji, a 1996.

Matsalar tana katod. Yayin da batirin ke ba da wuta, wani farin gari mai suna litiyam feroksaid yana taruwa ya toshe ramukan, kuma ba ya barin wuta ta ratsa shi. Idan aka zo caji, sai kabon ɗin da aka yi katod da shi ya soma lalacewa. Bayan 'yan caji kaɗan, batiri ya mutu.

Shi ya sa masana ke neman abin da zai jure. A 2012, ƙungiyar Peter Bruce a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan ta gwada zinare mai ramuka, batirin ya riƙe kashi 95 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan caji 100. Amma zinare akwai tsada da nauyi. A 2018, masana a Chicago ta Amurka suka kai caji 700 da wani sinadarin daban.

Duk wannan a ɗakin gwaji ne, jama'a. Wanda ya ce maka yana da shi a shago, ka riƙe aljihunka. Ƙanena dai batirin litiyam na yau da kullum na aika masa.