Yadda masana kimiyya ke tsara gwaji kafin su ce magani yana aiki

Hujjar da mutane suka fi kawowa kan ingancin magani ita ce wane ya sha kuma ya warke. Masana kimiyya ba sa ƙaryata wanda ya warke, amma suna tambayar abin da zai faru da shi da bai sha ba. Mura da cututtuka da dama kan tafi da kansu bayan 'yan kwanaki, saboda haka duk abin da mutum ya sha a ranar da sauƙi ya fara zuwa, shi zai yaba wa. An ƙirƙiro tsarin gwaji ne domin raba aikin magani da abin da dama can zai faru.

Hanyar takan fara da lura da wani abu, sai a yi hasashen dalilinsa, sannan a tsara gwajin da zai iya ƙaryata hasashen idan ba daidai ba ne. Sharaɗi na farko shi ne kwatantawa: a samu rukuni biyu ko fiye da suka yi kama ta kowace fuska, a sauya abu guda kaɗai a tsakaninsu.

Misalin da aka fi ambata shi ne na James Lind, likitan sojojin ruwan Birtaniya. A zamaninsa wata cuta da Turawa ke kira sikabi tana kashe matuƙan jiragen ruwa masu dogon zango: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, ƙarfi ya ƙare. A watan Mayun 1747, a cikin jirgin Salisbury, Lind ya ware majinyata 12 da ciwonsu ya yi kama, ya ajiye su wuri guda, yana ba su abinci iri ɗaya, ya kasa su biyu-biyu. Wasu ya ba su giyar tuffa, wasu ruwan kal, wasu ruwan teku, wasu ruwan asid mai rauni, wasu haɗin tafarnuwa da kayan yaji. Biyun ƙarshe kuwa kowannensu yana samun lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya a kullum. Lemun ya ƙare cikin kwana shida, amma kafin nan ɗayansu ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya samu sauƙin da har ya riƙa jinyar sauran. Lind ya wallafa sakamakon a 1753, sai dai rundunar ba ta wajabta bai wa matuƙa ruwan lemun tsami ba sai a 1795.

A ma'aunin yau gwajin na Lind yana da rauni biyu. Mutum biyu sun yi kaɗan a kafa hujja da su, sannan shi da kansa ya zaɓi wanda zai sha me. Likita na iya karkata, ko da bai yi nufi ba, ya bai wa masu sauran ƙarfi maganin da ya fi yarda da shi.

An shawo kan wannan matsala da ƙuri'a, kuma a gona aka fara daidaita tsarin. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya nuna cewa idan ana gwada taki ko iri, dole a yanka gona ƙanana-ƙanana, a maimaita kowane gwaji a wurare da yawa, kuma ƙuri'a ce za ta raba su. In ba haka ba, irin da ya faɗa ɓangaren da ya fi danshi zai ɗauki yabon da na ƙasa ne. Cibiyoyin binciken noma, ciki har da ta Samaru a Zariya, da irin wannan tsari suke gwada sabon iri kafin ya kai hannun manoma.

A fannin lafiya, Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa gwajin maganin tarin fuka mai suna streptomycin a 1948, bisa tsarin da Austin Bradford Hill ya shimfiɗa. An raba majinyata 107 ta hanyar lambobin ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan: 55 suka samu maganin tare da hutun gado, 52 hutun gado kawai. Cikin wata shida mutum huɗu suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Likitocin da suka duba hotunan ƙirji ba su san rukunin da kowane majinyaci yake ba.

Wannan ɓoyewa ita ce sharaɗi na uku, domin sa rai kaɗai kan sa mara lafiya ya ce ya ji sauƙi, ya kuma sa likita ya ga sauƙin da babu shi. A gwajin rigakafin shan inna na Jonas Salk a Amurka a 1954, an yi wa yara kimanin 200,000 allurar gaske, wasu kimanin 200,000 kuma allurar da babu rigakafi a cikinta, ba tare da iyaye ko likitoci sun san wacce ce wacce ba. A ranar 12 ga Afrilu, 1955, aka sanar cewa rigakafin yana aiki.

Kyawun lissafi bai isa ya halasta gwaji a kan ɗan Adam ba, sai an yi wa mutum cikakken bayani ya kuma amince. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun kai ƙara suna cewa ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A halin yanzu duk gwajin magani a kan mutane a Najeriya sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da kuma izinin hukumar NAFDAC kafin a fara.