Tarihin Kalma: Yadda "Impart" ta Taso daga Rabon Dukiya zuwa Rabon Ilimi

Yau gidan Turanci za mu leƙa, mu bi sawun wata kalma da ke yawan kayar da mutane a jarrabawa da takardar neman aikin koyarwa, wato "impart".

In ka buɗe ƙamus, za ka ga ma'anarta ita ce isar da ilimi ko labari ga wani. Amma fa ba da wannan ma'ana aka haife ta ba. Tushenta Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum. A can akwai "pars", wato kaso, daga ita aka samu "partire", wato rabawa. Da aka liƙa mata ɗafa-goshi "in-" sai ta zama "impartire": ka gutsura wa wani daga abin da ke hannunka. Ka lura da yadda "n" ta koma "m" a gaban "p"? Naso ne, irin wanda ke sa mu furta "gidam Bala" alhali "gidan Bala" muke rubutawa.

To, ya aka yi kalmar Rumawa ta sauka Ingila? Ta Faransanci ta bi. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300. Dubban kalmomi suka kwararo cikin Turanci ta wannan ƙofa, ba su kuma tsaya ba ko bayan Turanci ya koma kujerarsa. A ƙarni na 15 "impart" ta bayyana a rubutun Turanci da ma'anar ba wa wani kaso daga dukiyarka. Sai a ƙarni na 16 aka fara jin ta a kan ilimi da labari. Ka ga hikimar: an ɗauki sani tamkar dukiyar da ake rabawa, sai dai shi wannan rabo ba ya rage wa mai shi komai.

Wannan tarihi ne ya sa har gobe kalmar take da ƙamshin fada. "Teach" 'yar gida ce, daga tsohon Turanci, asalin ma'anarta nunawa, kuma ita ake ji a hira. "Impart" kuwa ta rubutu ce da jawabin taro. Kusan haka muke da "koyar" ta gida da "ilimantar" wadda tushenta Larabci ne.

Yanzu ga wurin da ake zamewa. Sau nawa ka ga an rubuta "I want to impact knowledge"? Kuskure ne. "Impact" daga wani gida daban ta fito, daga "impingere" ta Latin, wato bugawa ko yin karo, shi ya sa take nufin tasiri. Abin da ke rikita mu furuci ne: a Turancin Ingila ba a furta "r" ɗin "impart", mu kuma a Nijeriya mukan haɗiye sautin "k" na "impact", sai duka biyun su koma "impat" a kunne. Malami raba ilimi yake yi, ba karo yake yi da shi ba.

Ga ƙa'idar, ka riƙe ta:

1. "Impart" aikatau ne so-karɓau, kuma karɓau ɗinsa abin da ake bayarwa ne, ba mutumin da ake ba ba.
2. Mutumin yana zuwa ne bayan "to": "She imparts knowledge to her pupils."
3. Kar ka ce "She imparts her pupils", don ka raba ɗaliban ke nan, ba ilimin ba.

Haka ma Hausarmu take bambancewa: Malama ta koyar da lissafi, ta koya wa yara lissafi.

Wani tarkon kuma shi ne "impartial". Ita ma daga "pars" take, amma nata "im-" na korewa ne, ma'anarta marar son kai.

Duk ranar da ka rikice, nemi "part" a cikin kalmar, ka tuna da kaso. Yanzu gwada mu gani: juya "Kaka ta sanar da jikokinta tarihin garinsu" zuwa Turanci da "impart". Sai mun haɗu a darasi na gaba.