Tarihin bututun iska da darasinsa ga makarantunmu na Arewa

Duk manomin Dogon Dutsi ko Tibiri ya san iskar da ke rigan ruwan farko na damina. Takan kwaso rairayi ta binne hatsin da bai daɗe da tsirowa ba, har sai an sake shuka. Wannan iskar tana da tarihi a kimiyya, kuma ina ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu san shi.

A 1871 Frank Wenham ya ƙera bututun gwajin iska na farko a Ingila: dogon akwati, da fanka mai hura iska a kan abin da ake son aunawa. Shekara 30 bayan haka, a 1901, 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka ga fukafukan da suka ƙera bisa lissafin littattafai ba sa ɗagawa yadda aka rubuta. Sai suka haɗa nasu bututun, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, suka gyara lissafin. Ran 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi.

Wanda aikinsa ya fi shafarmu shi ne Ralph Bagnold, sojan Ingila da ya ratsa hamadar Libiya da mota. A shekarun 1930 ya zuba rairayi cikin bututun iska a Landan, ya gano cewa ƙwayoyinsa tsalle-tsalle suke yi kusa da ƙasa, kowace ta faɗo ta tayar da wasu. Ya kuma nuna cewa idan ƙarfin iska ya ninka sau biyu, rairayin da take kwasa yakan ninka kusan sau takwas. Amma bai tsaya ga akwati ba: ya koma hamada a 1938 ya auna da hannunsa, kana ya fitar da littafinsa a 1941.

Yau kwamfuta ke zana tafiyar iska, ko a fiffiken jirgi ko a sararin Sahel. Duk da haka injiniyoyi ba sa amincewa da zanen sai sun gwada shi da awon bututu, don kwamfuta abin da aka ba ta take tauna wa. A nan Nijar ma, tun 2006 tashar Banizumbu, gabas da Yamai, take auna ƙura, kuma da irin wannan awon ake tantance hasashen kwamfuta. A kwarin Majiya na jihar Tawa kuwa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don kare gonaki, auna iska da amfanin gona aka yi kafin a tabbatar da fa'idarsu.

Yaranmu sun fara ɗaukar duk amsar da waya ta ba su tamkar yankan wuƙa. Maganin ba shi da tsada. Malam, ka sa ɗalibai su binne gwangwani biyu daidai da fuskar ƙasa, ɗaya a fili, ɗaya bayan shingen kara. Kafin iska ta taso, kowa ya rubuta hasashensa. Bayan ta lafa, a auna rairayin da ya shiga. Yaron da ya ga awo ya ƙaryata hasashensa ya koyi abin da 'yan'uwan Wright suka koya a 1901.