Kankare fenti da sake fentin keken kabon: abin da ya bambanta shi da keken ƙarfe

A Tamale, babban birnin arewacin Gana, keke abin hawa ne na yau da kullum, har manyan tituna suna da gefen da aka ware wa masu keke da babur. A unguwanni irin su Kanvili, da ke kan hanyar Bolgatanga, mafi yawan kekunan na ƙarfe ne, kuma da yawansu gwanjo ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Jefi-jefi akan tsinci keken tsere na zaren kabon a cikin irin wannan kaya, fentinsa ya ƙoƙe, mai shi yana son ya sabunta. Matsalar ita ce hanyar da masu gyara suka saba bi da keken ƙarfe tana lalata wannan.

Gangar jikin keken kabon ba ƙarfe ba ce. Zare ne siriri da aka shimfiɗa hawa-hawa, aka haɗe shi da wani ƙaro mai suna ifoksi, aka gasa cikin mazubi. Gangar keken tsere takan yi kilo ɗaya ko ƙasa da haka, a wasu wurare kaurin bangon bututun bai kai milimita ɗaya ba. Irin wannan keke ya yi suna a 1986, lokacin da Greg LeMond ɗan Amurka ya lashe gasar Tour de France ta Faransa a kan keke mai bututun kabon.

Ƙaron shi ke riƙe da zaren, don haka duk abin da ya taɓa shi ya taɓa ƙarfin keken. Babbaka fenti da wutar walda an hana, domin ifoksi yana fara laushi tun zafi bai kai digiri 150 ba. Haka fentin gari da ake gasawa a tanda, wanda ke buƙatar digiri 180 zuwa 200. Ruwan cire fenti mai ƙarfi, wanda a Nijar da Burkina Faso ake rubuta "décapant" a jikin gwangwaninsa, yana cin ƙaron kamar yadda yake cin fentin. Injin gurza da feshin yashi kuwa suna yanke zaren kafin mutum ya ankara.

Abin da ya rage shi ne hannu da samfefa mai ruwa. Za a kwance keken gaba ɗaya, a wanke, a rufe gurbin feda, wuyan keke da ramin sirdi da salatif, tare da lambar shaida da ke ƙarƙashin gurbin feda. A fara da samfefa mai lamba 240 ko 320, ana jiƙawa ana gogawa a hankali. Fenti mai sheƙi zai fara fita, sai launi, sai shafen ƙasa. Da ruwan da ke zuba ya fara yin baƙi, an kai zaren, sai a dakata. An fi yin ɓarna a kusurwoyi da mahaɗar bututu, inda yatsa ke dannawa wuri ɗaya. Aiki ne na kwanaki. Ruwan kuma yana kwantar da ƙurar kabon, wadda ke cutar da huhu da fata.

A gaskiya ba kowane keke ke buƙatar kankarewa har ƙasa ba. In tsohon fentin bai ɓare ba, a dusashe sheƙinsa da lamba 400 zuwa 600 a fesa sabo a kai. Wannan ya fi aminci.

Amma a duba tsagewa tukuna, musamman a keken gwanjo da ba a san tarihinsa ba. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba da alama, kabon kuwa karyewa yake farat ɗaya. A ƙwanƙwasa bututun da kwabo: wuri lafiyayye yana ba da ƙara mai kaifi, inda zaren ya rabu kuwa sautin a dushe yake. Irin wannan wuri walda ba ta gyara shi, fenti kuma ɓoye shi kawai zai yi. Fok mai tsagewa canza shi ake yi.

Feshin kansa aikin masu fentin mota ne: shafen ƙasa, launi, sannan fenti mai sheƙi da ake haɗawa da sinadarin busarwa. Wannan na ƙarshe ba don ado kawai ba ne, shi ke kare ƙaron daga rana, kuma ranar Tamale a watannin Maris da Afrilu ba ta wasa. Tururinsa yana da guba, sai da takunkumi mai matata. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na manne wa ɗanyen fenti, don haka a yi feshin a ɗaki, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a bar keken ya bushe a inuwa na kwanaki kafin a mayar da kayansa.