Labarin Dodon Koɗin da Ya Girma da Kamannin Yarinta

Ƙasar Garki ƙasa ce ta rairayi da yumɓu, nesa da teku ƙwarai. Amma kimanin shekara miliyan 93 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta kwarin Binuwai da na Gongola, ya bi ta Sahara har ya sadu da tekun arewa. Shaidar wannan tana nan kudu maso gabas da Garki, cikin duwatsun farar ƙasa na Pindiga da Ashaka a ƙasar Gombe.

A cikin duwatsun nan ana samun ɓawon wata dabbar teku mai kama da dodon koɗi, wadda Turawa ke kira amonait. Ɓawonta a naɗe yake kamar ƙahon rago, da ɗakuna a jere a ciki. Dabbar ba ta yar da ɓawon ƙuruciyarta, sai dai ta yi ta ƙara sabon naɗi a bisa tsohon. Saboda haka in aka fasa shi, a tsakiya za a ga yarintarta, a baki kuwa tsufanta.

Ga al'ada bangon ɗakunan ƙaramar dabba kusan miƙaƙƙe ne, sa'ad da ta girma sai gefensa ya yi ta lanƙwashe-lanƙwashe. To, a wannan zamani sai aka sami waɗansu iri, kamar Vascoceras na Ashaka, waɗanda bangonsu bai cika lanƙwasa ba har tsufa. Waɗansu malamai suna ganin ɗabi'ar yarinta ce ta zauna musu, suka haihu a kanta, jikoki suka gada.

Wani malamin Ingila, Walter Garstang, shi ya bayyana wannan hanya a 1922. Kafinsa ana zaton sabuwar kama a ƙarshen girma take ƙaruwa. Shi kuwa ya nuna sabon iri yakan fito in girman jiki ya tsaya a rabin hanya. A 1957 W. Barber ya wallafa bayanin amonait na arewa maso gabashin Nijeriya, a 1989 kuma Christian Meister ya bi girman na Ashaka daki-daki.

Dabbobin nan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Dutsen da ya adana su kuwa shi ake niƙawa a yi siminti a Ashaka. Wanda ya tsinci irin wannan ɓawo ya kyautu ya lura da wurin da ya same shi, ya kai wa masana, gama littafi ne wanda ba a sake rubuta shi.