Hannayen da Rembrandt Ya Rufe

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai fuskoki biyu na mutum ɗaya. Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan, shi ya zana kansa a duka biyun, tsakaninsu shekara 29.

A na 1640 yana ɗan shekara 34, kasuwarsa tana ci. Ya sha tufafin alfarma irin na mutanen da, ya jingina hannu yana kallonka kamar wanda ya gama da duniya. Shekara ɗaya kafin nan ya sayi katafaren gida a Amsterdam a kan gilda 13,000, akasarin kuɗin bashi ne. Daga nan abubuwa suka fara zubewa. Matarsa Saskia ta rasu a 1642. A 1656 bashi ya ci shi, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya tafi. Hendrickje, wadda ta zauna da shi bayan Saskia, ta rasu a 1663, ɗansa Titus ya bi ta a 1668.

Zane na biyu na 1669 ne, shekarar da shi ma ya mutu. Tsoho ne cikin riga ja mai duhu, hanci ya kumbura, fatar ƙarƙashin ido ta saki. Fuskar kaɗai ya tsaya wa, ya yi ta lafta mata fenti mai kauri, rigar kuwa shafa kawai ya yi mata ya wuce.

Da yawa suna kallon zanen nan su ce kukan tsoho ne da duniya ta juya wa baya. Ni ban gamsu ba. A zamaninsa akwai masu sayen hoton fitaccen mai zane da ya yi da hannunsa, kuma Rembrandt ya zana kansa da fenti kusan sau 40. Fuskarsa haja ce, ya kuma san haka.

Abin da ya fi jan hankalina yana ƙarƙashin fentin. Da aka haska zanen da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, sai aka ga da farko ya zana kansa da babbar farar hula, hannayensa a buɗe, yana riƙe da buroshi. Daga baya ya rage hular, ya shafe buroshin, ya haɗe hannayen wuri guda. Mu masu rubuta manhaja mun saba komawa tsohon kwafi mu ga abin da aka goge, kuma sau da yawa a nan niyyar mai aiki take fitowa. Wanda baƙin ciki ya rufe wa ido ba ya irin wannan lissafi. Ya duba ne ya ga hular da buroshin suna ɗauke ido daga fuska, ya kawar da su.

Ya rasu ranar 4 ga Oktoba 1669, aka binne shi a cocin Westerkerk cikin kabarin haya marar suna. National Gallery ta sayi zanen a 1851, amma sai da aka wanke shi a 1967 sa hannunsa da shekarar suka bayyana.