Yadda Rumfar Shan Iskar Sarakuna Ta Zama Shagon Bakin Titi

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: kalmar nan "kiosk" da hukumomi ke kiran ƙananan shagunan bakin titi da ita, Turanci ce? A'a. Bature ma aro ya yi, kuma a wurin masu ita na asali ba ta da alaƙa da saye da sayarwa.

Tushenta Farisanci ne, "kushk", wato ɗan ginin shan iska a cikin lambu. Turkawan Daular Usmaniyya suka ɗauke ta, suka ƙawata ginin. A Istanbul har yau akwai wanda Sarki Muhammadu na Biyu ya gina a 1472. Wanda ya fi shahara shi ne na fadar Topkapi, wanda Sarki Muradu na Huɗu ya sa aka gina a 1639 don tunawa da cin Bagadaza. Ɗaki ne guda mai ƙubba, bangonsa lulluɓe da tayil shuɗi da fari, ƙofofinsa an yi musu ado da ɓawon lu'ulu'u, ga baranda ta zagaye shi tana kallon teku. Sarkin bai more shi ba, domin ya rasu a 1640.

Inda ake saɓani shi ne yadda abin ya shiga Turai. Wasu suna danganta wannan aiki da mutum ɗaya: Stanislas Leshinski, sarkin Polan da sarauta ta kuɓuce masa har sau biyu. Labarinsa ya isa a tsaya a kai. Sarkin Suwidin, Charles na 12, shi ya ɗora shi a kan gado a 1704. Da Rasha ta ragargaza rundunar Suwidin a Poltava a 1709, sai ubangida da yaronsa duk suka rasa tudun dafawa. Stanislas ya bi sawun maigidansa zuwa Bender, garin da ke ƙarƙashin Turkawa a lokacin, ya zauna a hannunsu na wani ɗan lokaci. Daga baya sa'a ta waiwayo shi ta hanyar 'yarsa, wadda ta auri Sarkin Faransa Louis na 15 a 1725. Da ya sake rasa gadon Polan, sai aka share masa hawaye da ƙasar Lorraine a 1737. A can, a lambun fadarsa ta Luneville, ya sa maginin nan Emmanuel Here ya tsayar masa da rumfa irin ta Gabas, wadda ya riƙa karɓar baƙi a cikinta. Ya rasu a 1766 bayan da rigarsa ta kama da wuta a bakin murhu, kuma ba a jima ba aka rushe rumfar.

Labari ne mai daɗin ji, amma ni ban gamsu cewa shi ya kai kalmar ba. Matafiyan Faransa da Ingila sun riga sun rubuta ta tun farkon ƙarni na 17, kafin a haifi Stanislas. Uwargidan jakadan Ingila a Istanbul, Mary Montagu, ta siffanta irin wannan gini a wasiƙarta ta 1717. Abin da za a yarda da shi shi ne sarkin ya taimaka abin ya zama yayi, har attajiran Turai suka shiga gasar gina irinsa a lambunansu.

Daga nan sai ya fito titi. A 1857 aka fara kafa rumfunan sayar da jarida a manyan titunan Paris, aka laƙaba musu sunan saboda 'yar ƙubbarsu da buɗaɗɗen gefensu. Ingila ta kira jajayen ɗakunan wayar tarho da shi. Yau har na'urar da mutum ke latsawa ya ciri tikiti a filin jirgi ana kiran ta haka.

Ta hannun Turawan mulkin mallaka kalmar ta iso mu, ta sauka a kan mai tireda da mai kwantena da mai POS, waɗanda ke ciyar da iyali daga ɗan akurkin katako da langa-langa. Ina roƙon hukumomi, kafin a aiko da motar rusau, a fara nuna wa waɗannan bayin Allah inda za su koma.